Sunan Majeed a Takardar Lin

Guangzhou, Talata

Yaya Mashudatu,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da Mma da yara. Da hannu na rubuta wannan, na ɗauki hotonta a waya. Ki yi dariya in kin so, a littattafan soyayyar da nake karantawa haka masu kewa suke yi.

Mun sauka lafiya tare da 'yan kasuwar Tamale. Kafin a shiga sari an ware kwana uku na zaga gari. Mai yi mana jagora wata yarinya ce, Lin, da 'yar tutarta rawaya. Yaya, benayen nan sai ɗankwalinki ya zame kafin ki ga ƙarshensu. Babura sun fi na unguwarmu Kalpohin yawa, amma ba ƙara, da lantarki suke tafiya. Da Majeed ya gani, da ya tsuguna a titi yana leƙen injin.

Lin ta raba jajayen huluna, ta ba ni biyu. Ashe tun da mijina Majeed ya rubuta sunayenmu a tafiyar nan, ba wanda ya cire nasa. A bas tana kiran suna kanta a sunkuye. Ta ce, "Ma-ji-de." Na ce, "Yana nan." Ta wuce zuwa suna na gaba. Hularsa na ajiye a kujerar taga, shi mai son taga ne.

Ƙanwarki,
Bashiratu

Kasalgu, Laraba

Bashiratu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Mma tana amsawa.

Ban yi dariya ba. Ni na ce ki tafi ki sha iska, ban ce ki tafi ki amsa sunan mamaci ba. Wata shida ke nan da motar katako ta buge shi a hanyar Yendi. Kin yi takaba a ɗakina, kin gama, ban taɓa jin kalmar ta fito daga bakinki ba. Kullum "ya yi tafiya". A littattafanki mijin yana dawowa a babi na ƙarshe. Namu yana maƙabarta, Sheriff ɗan'uwansa ne ya sa shi a kabari da hannunsa, kuma yana cikin bas ɗin nan yana jin ki.

Ki gaya wa yarinyar mutane gaskiya. Kuma ki ci abinci.

Yayarki,
Mashudatu

Guangzhou, Alhamis

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarki ta yi mini zafi, na kashe wayar.

Jiya na amsa masa sau huɗu. Mun yi azahar a wani tsohon masallaci, na ji kamar yana sahun maza.

Yau da la'asar aka kai mu doguwar hasumiyar bakin kogi. A ƙofa ba suna ake kira ba, kai ake ƙirgawa. Lin ta ƙirga sau uku, ɗaya babu. Fuskarta ta canja. Ta ce ba mai shiga sai an ga Majeed, in baƙo ya ɓata aikinta ya tafi. Ta miƙa wa wani tutar, ta ruga cikin yayyafi tana tare duk mai jar hula. Hajiya Alimatu, abokiyar tafiyarmu, da kumburarriyar ƙafarta tana tsaye cikin yayyafin.

Sheriff ya matso. Ya ce, "Matar yaya, ke za ki faɗa ko ni?"

Na bi Lin da gudu, na riƙe hannunta. Tana haki, gashinta ya jiƙe. Na ce, "Ya rasu." Da Hausa ta fito, sai da na maimaita da Turanci. Sau biyu ke nan, Yaya. Ta kalli hular da ke hannuna, ta sunkuyar da kai. Sannan ta ciro biro.

Mun hau har sama. Sun ce gari duka ana gani. Ban ga komai ba.

Taki,
Bashiratu

Guangzhou, Juma'a

Yaya,

Ina kwana. Da safe Lin ta kira suna a motar zuwa kasuwa. Daga Kadijatu ta tsallaka zuwa Nuru, ba ta tsaya ba. Bakina ya riga ya buɗe.

Wani ya zauna a kujerar tagar. Ki ce wa Mma in na dawo a raka ni maƙabarta.

Allah ya sada mu da alheri.

Bashiratu