Kawu Ya Lulluɓe Tankin Ruwan Zafi

Laraba da dare

Wai Kawu Sale ne wayayyen gidanmu! An ɗora wa sabon gininsa tanki mai ɗumama ruwa da zafin rana, don mu huta da neman itace a bakin daji. Sai ya hau ya lulluɓe shi da tamfol.

Na daure na ce, "Kawu, ai ranar yake so."

Ya ce, "Ke, rufe min baki! So kike ta ƙona min shi?"

Da yamma ruwa sanyi ƙalau, itace kuma a jiƙe. Matarsa ta yage ƙarshen littafina na soyayya ta hura wuta. Ya yi wankansa har da waƙa. Ni kuwa ba zan taɓa sanin ko masoyan sun yi aure ba. Mtsw!