Mariƙin Bindigar Don Plutarco

Orocué, 3 ga Mayu

Kaka Eduviges,

A sa mini albarka. Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Maigidana Don Plutarco ya sayar mini da tsohuwar libarbarsa a kan ɗan maraƙi, har mun gama takardu. Kin san ba ya kyautar makami, wai yana yanke zumunci. Duk makiyayan gonar sun ce alama ce zai ba ni 'yarsa Marleny.

Ga damuwata. Mariƙin bindigar katako ne mai kauri, ya sha hannu har yana santsi. Ni kuwa tun da igiyar zarge ta cire mini yatsu biyu ba na iya damƙe shi. Na gwada harbi, saura kaɗan ta fice daga hannuna. Mai gyaran bindiga a Yopal yana da na roba, siriri, ya zauna mini daram. Amma Don yana alfahari cewa katakon na asali ne, ba a taɓa kwance shi ba. Ranar bikin waliyyi San Juan kuma kowa zai harbi kwalba a gabansa. In na canza, na raina shi. In na bari, na sha kunya. Yaya zan yi?

Jikanki,
Ovidio

Paz de Ariporo, 12 ga Mayu

Ovidio mai yatsu takwas,

Allah ya yi maka albarka. Ƙafa tana nan, ni ce dai nake janta.

Na karanta takardarka na yi dariya har kofi ya sarƙe ni. Katako za ka aura ko yarinya? Wai Don Plutarco! Ni na san shi tun yana Pluto mai majina. A gabana talotalon uwarsa ya kore shi, ya haye bishiyar mangwaro yana kiran waliyyai da sunayensu, har da waɗanda coci bai san da su ba. Yau ya tara gashin baki kuna rawar jiki.

Saurara. Bindigar da hannu bai riƙe ta ba, ta kowa ce, har maraƙin da ke gefe da ƙafar mai ita. Sa robar. Katakon kuwa ka shafe shi da mai, ka naɗe a farin ƙyalle, ka kai masa da kanka. Cire hula, nuna masa hannun. A bakin aikin shanunsa ka bar yatsun nan, ba a gidan giya ba.

Ka gaida Marleny, ka ce ina tausaya mata.

Kakarka,
Eduviges

Orocué, 28 ga Mayu

Kaka,

A sa mini albarka. Na sa robar, kuma wallahi kamar don ni aka yi ta. Amma na kasa zuwa wurinsa. Na samo dabara: in zan fita daji sai in ɗaura roba, in zan shiga gida in mayar da katako. Noti ɗaya ne kawai. Marleny ta ce ba ruwanta.

Ovidio

Paz de Ariporo, 6 ga Yuni

Ovidio,

Albarka dai na sa, tunda ba a hanawa, amma kaɗan.

Kai, wannan wayo naka ko jaki ba zai saya ba! Haka za ka ƙare rayuwarka, kana laɓewa bayan garke kana kwance noti? Ranar San Juan fa, da wanne za ka harba? Yau mariƙi ka ɓoye wa suruki, gobe saniya ta mutu sai ka ɗaura mata ƙafafun katako ka tsayar da ita. Yarinyar da ta ce ba ruwanta, kallonka take yi, sakarai. So take ta ga ko kana iya tsayawa gaban ubanta.

Na ba ka zuwa Lahadi. In ba ka je ba, zan hau motar madara in zo da ƙafar nan tawa, in ba da labarin talotalo a gaban makiyayansa, in ce kai ka roƙe ni. Ka san ni.

Wadda ta goya ka,
Eduviges

Orocué, 15 ga Yuni

Kaka,

A sa mini albarka, cikakkiya wannan karon.

Na je. Ya karɓi ƙyallen, ya ce in miƙo bindigar. Ya damƙe robar, ya saki, ya sake damƙewa. Sai a lokacin na lura yatsunsa sun kumbura, ba sa rufuwa sosai. Ashe shi ma katakon ya gagare shi. Ya ce, "Shegiya, ashe ba ƙina ta yi ba." Ya fita ya fasa kwalba yana ihu kamar yaro.

Ya ce bikina da Marleny sai ruwa ya janye, ki shirya. Maraƙina ma ya dawo mini da shi. Bindigar ce ya hana ni.

Jikanki,
Ovidio