Tulif ɗin Mama Yana Kan Teku

Andijk, ƙarshen Agusta

Zuwa ga Yayata Geertje,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Harm da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sassauta muku sanyin Kanada da ke tafe. Mu nan kalau muke, sai gwiwar Baba da ta raba shi da keke, kuma rabuwar ta fi ciwon ɓata masa rai.

Yaya, na rasa inda zan kai kukana, shi ya sa na rubuto. Kin san jan furen tulif ɗin da Baba ya ƙarar da rabin rayuwarsa wajen haɗa irinsa, wanda ya sa wa sunan marigayiya Mama, Neeltje. To, ya sayar wa wani mai gonar fure a Ontario, can wajenku, irin gaba ɗaya, wato dukan albasar da ake dasawa, tunda ƙarfi ya ƙare, ni da maigidana Ruud kuma ba noma muke yi ba. Ruud ne ya tsara cinikin. Don ya hutar da tsoho, sai ya zaɓi sharaɗi mafi sauƙi: namu mu ajiye kaya a bakin sito, daga nan lodi da mota da jirgin ruwa da inshora duk wuyan mai saye. Na roƙi Baba ya rage ko cikin tafin hannu mu dasa a bayan gida. Ya harare ni, wai an ce duka ya ce duka, ko so nake ya koyi sata da furfurarsa? Kin dai san Baba da magana ɗaya.

Ranar lodi Baba ya zagaya kwantenar da aka zuba kayan yana dogara sanda, sai ya ga kafar shan iska a rufe. Ke ma a sito kika tashi, kin san albasar fure in ba iska, furen ne ke mutuwa a ciki, waje kuwa garau. Ya yi wa direba magana. Direban ya ce wa Baba ya yi haƙuri, shi sitiyari aka ba shi, ba hancin kwantena ba. Baba ya miƙa hannu zai buɗe da kansa, Ruud ya riƙe shi, wai kayan sun bar hannunmu, in ya taɓa wani abu ya faru, laifin gida zai dawo. Ina tsaye da faifan kofi kamar gunki har motar ta fita.

Babu inda ban buga waya ba. Ofishin jirgi suka ce ba mu ne abokan cinikinsu ba, ba su da ikon sauraronmu. Mai sayen ya amso da godiya, wai wakilinsa ya san aikinsa. Kafin in sami wakilin, jirgi ya bar tashar Rotterdam. Maƙwabta sai taya mu murna suke, wai ko kayan sun ruɓe ba ruwanmu. Jiya Baba ya ce wa ɗayansu ai shi ke nan, kowa ya fita lafiya, Neeltje ce kawai aka rufe a akwati karo na biyu. Na shiga kicin na sha kuka, Yaya. Ruud ko ido ba ya iya haɗawa da Baba.

Ga roƙona. Gonar mutumin ba ta da nisa da ku. In kaya sun iso, ki je, ki yi ladabi, don ba mu da haƙƙin komai. Ki roƙe shi ya yanka albasa ɗaya a gabanki. In cikin ya bushe, ni kaɗai za ki faɗa wa. In da rai, ki sayi 'yan kaɗan ki dasa a ƙofar gidanki. Na tambayi Baba ko ki aiko masa, ya ce a'a, hoton albasar ya isa, don ba ya jin zai kai lokacin da za su buɗe a nan.

Ki gaida Harm, da Sietske, da autanki Wiebe. Gwaggo Aaltje tana gaishe ku.

Taki ƙanwa,
Aafke