Maɓallin Kafaɗar Hagu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wadda ta goye shi, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Yaya ƙafar Inna? Allah ya sa kumburin ya sauka. An ce min yanzu sai kin sa tabarau kike iya zura zare a allura, amma har yau kin ƙi rabuwa da keken ɗinkin nan naki mai ƙara kamar injin niƙa. Allah ya ƙara miki ƙarfin ido, ya bar mana ke.

Mu nan sai godiya. Ina nan a garejin da kika sani, ina wanke manyan motocin haya ciki da waje. Ruwa da sabulu sun cinye min tafin hannu, har idan na shafa fuska sai in ji kamar da soson ƙarfe na shafa. Baya kuma ya fara yi min gardama, in na sunkuya sai mun yi shawara da shi kafin in miƙe. Mutanen gida suna ganin duk wanda ya yi nisa a kan kujera yake zaune yana kaɗa ƙafa. Da za su zo su kankare abin da mutane ke liƙawa a ƙarƙashin kujerun mota na yini ɗaya, da sun rage yi min kallon mai hutu. To, ba ƙorafi ya sa na ɗauki biro ba yau. Godiya na zo yi, ko da yake akwai wata ɓarna da na yi wa ɗinkinki, wadda gara ki ji ta daga bakina.

Saƙonki ya iso, rigunan duka sun zo lafiya. Amma ba za ki gane girman abin da kika yi ba sai na ba ki labarin da na kasa ba ki ta waya. Kin san tun da hawan jini ya kayar da matata Amarya, kamar yadda har yau kike kiranta duk da furfurar da ta cika mata kai, ɓarin jikinta na hagu bai dawo daidai ba. Ƙafa ta ɗan farfaɗo, tana takawa da sanda. Magana tana fita amma da nauyi, sai ka yi haƙuri ka jira ta. Hannun ne abin tausayi. Yana rataye kamar ba nata ba, kafaɗar kuma ta zube ƙasa. Cusa hannun a cikin hannun riga azaba ne, har hawaye take yi, shi ya sa muka koma riguna marasa hannu, in za mu fita ta yafa mayafi a kai.

Nan matsalar ta ɓullo, kuma ki yafe min, Yaya, zan kira abin da sunansa, tun da ba ki ganin fuskata. Igiyar rigar mama ba ta zama a kafaɗar da ta zube. Ko an ɗaure ta tamau, da ta yi taku kaɗan sai ta sulale ta sauko har kusa da gwiwar hannu. Ita kuwa ba ta jin saukarta, don fatar wajen ba ta ji, hannun dama kuma yana riƙe da sanda. A asibitin da muke zuwa gashin ƙashi babban ɗaki ne guda, maza da mata, kowa da gadonsa da ƙarafan motsa jiki, labule ne kawai a tsakani, shi ma ba kullum ake ja ba. Dole ta cire mayafi don malamar gashi ta ga yadda kafaɗar ke motsi. Ran nan tana tsaye a gaban babban madubin da suke koyon tafiya, sai ta hango igiyar tana lilo a damtsenta, ga mutane cike da ɗaki. Wani dattijo da ke gadon gefe ya kawar da kai da sauri. Don ladabi ya yi, na sani, amma kawar da kan nan ya fi mata dariya ciwo. Matar da ko a gabana ba ta shanya irin waɗannan kaya sai ta lulluɓe su da zane! Kin san halinta.

Daga ranar ta ce ita da asibitin nan har abada. Na lallashe ta, na yi faɗa, na kawo mata wa'azi, ta juya fuska bango. Malamar gashi ta kira ni ta gaya min ba tare da kwana-kwana ba cewa wannan ne lokacin da hannun ke iya farfaɗowa, in aka bar shi ya sandare, yatsun za su dunƙule su zauna haka, ba mai iya buɗe su kuma. Na dawo gida na dubi hannun a kan cinyarta, na ga yatsun sun fara lanƙwashewa ciki. Wallahi Yaya, ban taɓa zaton hannun mutum sukutum zai tafi saboda 'yar igiyar da faɗinta bai kai yatsa ba.

Na yi dabaru irin na wanda bai san komai ba. Na sayo fil mai kulle na maƙale igiyar da rigar, muka gwada zagaya ɗaki. Da na zo cirewa sai na ga ɗigon jini a rigar. Ashe fil ɗin ya buɗe ya shige ta, ita ba ta ji ba. Na jefar da sauran. Na gwada filasta, gumi ya ɓare ta, inda ta kama kuma ta bar ja a fata. Na ɗaure igiyoyin biyu ta baya da tsumma, sai rigar ta tattare ta shaƙe mata wuya. Ta dube ni da idon nan nata, ta ce a hankali wai in koma wankin mota, nan Allah ya ajiye basirata.

A cikin wannan hali ne ƙanenmu, Sarkin Shawara, ya bugo waya yana cewa in tattara ta in mayar gida, wai mata su yi jinyar mace, ni in fuskanci aikina. Wato in naɗe ta kamar tabarma in aika. Wanda tun da ta kwanta bai taɓa cewa a ba ta waya ya gaishe ta ba, shi ne mai tsara min rayuwa. Na gaya masa maganar da ta sa har yanzu ba mu sake waya ba. Amma don Allah, in za a faɗi gaskiya, akwai inda ya fi ni gani: akwai abin da mace ce kaɗai ta san shi, kuma ni ban sani ba. Inda ya kuskure shi ne zaton sai an kai ta wurin matan. Bai san akwai macen da hannunta zai iya isowa nan ba.

Kin tuna wayar da muka yi? Na ce miki dai ta ƙi zuwa asibiti, kuma riga mara hannu kaɗai take iya sawa. Sauran na kasa faɗa, na yi ta kame-kame ina cewa wai kayan ba sa zama. Sai kika tambaye ni wace kafaɗa ce ta sauka, kuma ta sauka da yawa ne ko kaɗan. Na amsa, kika ce to, kika shiga zancen jikoki. Har na ji haushinki a raina, na ce ita ma Yaya ba ta damu ba. Allah ya yafe min.

Yanzu ga ɓarnar. Ranar da kayan suka iso da rana ne, Amarya tana ɗan barci. Na zazzage su a kan tebur ina duba cikinsu, don malamar gashi ta gargaɗe ni cewa duk abin da zai taɓa ɓarin da ba ya ji, in shafa shi da hannuna tukuna, kada wani abu ya goge ta ya yi rauni ba ta sani ba. Sai na ga a cikin kafaɗar kowace riga akwai wani ɗan kunne na ƙyalle, siriri, da ɗan maɓallin ƙarfe a bakinsa. Na ce a raina, kai, tsufa ya fara kama Yaya, ta bar ragowar ɗinki, har da ƙarfe a daidai inda fil ya huda ta. Na ɗauko almakashi na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yankewa, ina ma yaba wa kaina da kula. Na tara su a murfin kwano kamar wanda ya tsince tsakuwa daga hatsi.

Saura riga ɗaya, shuɗiyar nan mai ƙananan furanni, har na buɗe bakin almakashi, sai na ji tsawa daga bakin ƙofar ɗaki cewa in bari. Yaya, tun da ta kwanta ban ji kalma ta fito daga bakinta garau haka ba, sai da almakashin ya faɗi daga hannuna. Ta tako da sandarta, ta dubi murfin kwanon, ta dube ni, ta kira ni da sunan da ba zan rubuta ba, amma kin san dabbar, mai dogayen kunnuwa ce. Ta zauna ta sa na taimaka mata ta sa rigar. Ta kama yatsana da hannunta mai lafiya ta kai shi cikin kafaɗar, ta nuna min in zura ɗan kunnen ta ƙarƙashin igiyar, in naɗo shi, in danna maɓallin. Na danna, ya ce ƙas. Ta miƙe ta je bakin taga ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, ta girgiza kafaɗa da gangan. Igiyar ko motsi, ko gefenta ba a gani. Ƙarfen kuma kin juya shi yana kallon rigar, ba ya taɓa fata. Sai a lokacin na lura cewa na hagu kin matso da shi kusa da wuya fiye da na dama, daidai yadda kafaɗar ta zube. Daga inda kike, ba ki gan ta ba, ba ki auna ta ba, kika ji abin da na kasa faɗa. Amarya ta yi dariya har ta koma kuka, ni kuwa na fake da tattara ƙyallayen da na yanke.

Washegari ita ta riga ni shiryawa. Shugabanmu na gareji, wanda na sha gaya miki ba ya dariya, ya sake ba ni hutun safiya ba tare da ya ɓata rai ba, wannan kam sai in yaba masa. A asibiti ta cire mayafinta da kanta ta miƙa min, ta tsaya gaban madubin nan ta dubi kafaɗarta, sannan ta dubi kowa. Har dattijon gadon gefe ta gaisar. Malamar gashi ta ga ɗan kunnen, ta buɗe ta rufe, ta ce wanda ya ɗinka wannan ya san ciwon mutane. Sai ta ce daga yau kada in ƙara taɓa maɓallin kafaɗar dama, aikin hannun hagu ne, shi zai miƙa ya danna, ko zai ɗauki rabin safiya.

Ya kuwa ɗauka. Kullum sai in tsaya a bayanta ina kallon yatsun suna rawa, suna kama ƙyallen yana kuɓucewa, hannuna yana ƙaiƙayi in taimaka, ita tana harara ta ta madubi. Da yake rigar ɗaya ce ta tsira daga almakashina, kullum muka dawo sai in wanke ta in shanya a kan kujera kusa da taga. Na gwada mayar da kunne ɗaya a rigar ruwan ƙasa, ɗinkin ya fito kamar sawun kaza, ta ce ko gawarta ba za a sa wa wannan ba. Shekaranjiya da safe ina ɗaura takalmi a bakin ƙofa, na juya mata baya, sai na ji ƙas daga cikin ɗaki. Ban juya da wuri ba, don kada ta ga idona. Ta ce in rubuta in gaya miki da hannun hagu ne, kuma ba wanda ya riƙe mata.

Roƙona, in idonki zai iya, ki ɗinko mana waɗansu kunnuwan da maɓallansu. Amarya ta ce kada ki haɗa su da riga, ita za ta ɗinke su da hannun dama, na hagu ya danne mata ƙyallen. Ta kuma ɓoye almakashin, har yau ban san inda yake ba. Ba ni da abin da zan saka miki da shi, Yaya. Kin goye ni ina ƙarami, ga shi da furfurata kin sake rufa min asiri. Allah ya rufa naki duniya da lahira.

Ki gaishe min da Inna, ki ce mata surukarta tana samun sauƙi. Ki gaishe da maigidanki, da Gwaggo, da Kawu mai shago, da Autarki da mijinta, da jikoki baki ɗaya. Sarkin Shawara ma ki gaishe shi, ki ce masa in ya bugo zan ɗauka, amma ya fara neman matar yayansa tukuna. Labarin almakashi kuma ya tsaya tsakanina da ke, in ya kai kunnen Gwaggo na shiga uku har in mutu.

Amarya ta ce a bar mata wuri a ƙasa. Wannan karkataccen layin da za ki gani a ƙarƙashin sa hannuna ba biro ne ya zame ba, ita ce ta ja shi, da hagu.

Ƙanenki mai wankin mota,
wanda aka hana taɓa almakashi.