Gonar gwajin da kuka bar wa ƙwari a fadamarmu

Zuwa ga Shugaban shirin da ya kafa gonar gwajin rake a fadamarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, duk inda aiki ya kai ku yanzu. Da na san ofishinku da ban fito bainar jama'a ba. Allon da kuka kafa, rana da ruwa sun cinye sunanku, abin da ya rage ana karantawa shi ne "An hana shiga". Wannan kam an sa masa fenti mai kyau.

Ni manomin rake ne tsakanin Ƙarfi da Malumfashi, gonata ce ke jingine da taku ta gabas. Abin da ya sa na rubuto shi ne irin raken da na gada wurin mahaifina, farin rake mai taushi wanda ko tsohuwa mai haƙori biyu tana sha. Masu baro na Funtua da sunan gidanmu suke tallarsa. Yau yana neman ƙarewa a hannuna, kuma daga gonarku abin ya ɓullo.

Na farko. Da kuka zo da motoci kuka dasa raken gwaji, kuka zagaye shi da waya, mun yi murna. Ni da hannuna na fere wa direbanku rake. Kun sara sau ɗaya, kun auna, kun ɗauki hoto, kun tafi. Tun daga nan gyauro ke fitowa shekara da shekaru, ba mai sara, ba mai nomewa, har wurin ya zama kurmi.

Na biyu. Ma'aikatan da suka rage muku a gonar su ne wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu tsalle, waɗanda ke maƙalewa a ƙoƙon ganye suna tsotsar ruwansa. Gaskiya ba sa fashin aiki. Da farko na raina su, har sai da layin rakena na kusa da wayarku ya tsumbure, ganye ya taƙaice ya yi tauri, gaɓoɓi suka cukurkuɗe. Wani malamin gona daga Malumfashi ya duba, ya ce cutar bairos ce, ƙwarin ke kwaso ta daga rake mai ciwo su zuba wa mai lafiya. Ya ce wanda ya kamu ba feshin da zai warkar da shi, sai a tumɓuke a ƙone. Na tumɓuke, na ƙone, na yi feshi. Ba a jima ba baƙin suka sake tsallako waya, su da ba su iya karatun allo ba.

Na uku. Na roƙi malamin ya sa a share gonar, ya ce ba a ƙarƙashin ofishinsu take ba. Na je wurin Mai Unguwa, ya ce a gabansa aka ba da amanar wurin, ba zai zama wanda ya fara taɓa kayan hukuma ba, kuma ban ga laifinsa ba. Matasa sun ce in kau da kai kawai, ashana ɗaya ta isa. Na hana su. Ban taɓa shiga gonar wani ba izini ba, ba kuma zan fara da furfura a gemu ba. Amma wallahi, ranka ya daɗe, abin yana ci mini rai, ina tsaye ina gadin gonar da ke kashe tawa.

Yanzu 'yan kunyoyi ne kawai a can kusurwar gabas ta gonata suka rage da lafiya, daga cikinsu nake sa ran yankar irin dashen bana. Na zagaya wurin duk waɗanda mahaifina ya taɓa ba irin nan, wasu sun koma masara, wasu nasu ya riga nawa tafiya.

Roƙona ba shi da yawa. Ku turo a tumɓuke gyauron nan a ƙone kafin lokacin dashe. In ba ku da mota ko lokaci, ku aiko wa Mai Unguwa izini ko da ta waya ne, mu da fatanyunmu za mu yi gayya, ba sai kun kawo ko ruwan sha ba. Kuma nan gaba in kun gama gwaji a wani gari, don Allah ku yi sallama da mutanen wurin.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya sa wannan takarda ta riske ka da wuri. Kullum da safe sai na zagaya kusurwar nan ina ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya. Jiya na tumɓuke rake ɗaya da ya kamu a cikinta.

Wassalam, na bar ka lafiya.

Naka,
Maƙwabcin gonarku ta gabas.