Darussana sun ƙi shiga tsarin cibiya, maigidana kuma ya ƙi ji

Gwaggo, don Allah ki taimaka min da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa. Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da ungozoma kafin na ajiye aiki. Da na zauna a gida sai na fara haɗa darussa na bidiyo da tambayoyi, yadda ungozomar da ke aiki nesa da gari za ta yi karatu a wayarta. Darasi goma sha takwas na haɗa. Maigidana ne ya gina manhajar da suke ciki, a lokacin da aka rage ma'aikata a wurin aikinsu har abin ya shafe shi. Gwaggo, wata bakwai mutumin nan ya yi yana zaune a falo yana kallon bango. Aikin nan ne ya tashe shi. A teburin cin abinci ya yi shi, kwamfutarsa na gefe ɗaya, yara na aikin gida a ɗaya gefen.

To, wata cibiyar horarwa ta karɓi kwas ɗin, ta saka ungozoma ɗari da arba'in. Su suna da nasu babban tsarin da ke rubuta wa ya shiga, ina ya tsaya, maki nawa ya ci. Sai an naɗe kwas, wato an shirya shi, bisa wata ƙa'ida da suke kira SCORM kafin ya iya kai wa tsarin nasu rahoto. Namu ba a kanta aka gina shi ba. Darasi yana buɗewa lafiya lau, mace ta kalla, ta amsa tambayoyi, ta ci, amma can a wurinsu ko farawa ba ta yi ba. Wata ta kira ni, ta ce sau uku ta yi darasi na bakwai, tana yi tana jijjiga jariri, har yanzu sifili take gani. Ƙarshen wata mai zuwa ake sabunta musu lasisi, kuma ba satifiket ba lasisi.

Injiniyan cibiyar ya ce sai an sake naɗe darussan, ya ma san wata mai yin hakan cikin mako biyu. Da na faɗa wa Baban yara sai ya ce tsarinsu ne tsohon yayi, nasa ya fi, su ya kamata su gyara. Na sake tayar da maganar, ya rufe kwamfuta ya ce in dai na gaji da aikinsa in faɗa masa kai tsaye. Tun ranar daga gaisuwa ba ma ƙara komai. Ƙanwata ta ce in ba matar can aikin a ɓoye, wai namiji ba ya lura sai an taɓa masa cajar waya. Na yi dariya, amma ba zan iya ba. In na yi shiru, matan nan sun rasa aiki saboda ni. In na motsa, ina tsoron ya koma kujerar falon nan. Gaba kura, baya sayaki. Shugabar cibiyar tana kira, ni kuma ina kifa wayar. Ya zan yi?

Malamar da ta rasa mafita

'Yar uwa, sannu da wannan nauyi. Abu na farko, ki ɗauki wayar shugabar nan gobe da safe. Shirunki ya fi matsalar kanta ɓata miki suna. Ki gaya mata gaskiya, ki roƙe ta su karɓi jerin waɗanda suka gama a rubuce, su shigar da hannu a wannan karon. Na tambayi wani masanin harkar, ya ce in har manhajarku tana ajiye sakamako, fitar da jerin ba wuya. Kuma wa zai fitar da shi in ba wanda ya gina ta ba? Ki fara da wannan roƙon, domin aiki ne da shi kaɗai zai iya.

Maigidanki ba ƙarya ya yi ba, mai yiwuwa tsarin nasu ya tsufa. Amma baƙo ba ya cewa a sake ƙofar gida don kayansa sun ƙi shiga. Cibiyar ba za ta rushe abin da sauran kwasa-kwasanta ke kai ba saboda ku, kuma duk wata cibiyar da za ki je nan gaba irin tambayar da za ta yi miki ke nan. Shi kuwa ba ƙa'idar yake faɗa da ita ba. Abin da kunnensa ke ji shi ne an sake cewa ba a bukatarsa. Saboda haka kada ki bi ta bayansa. Ƙanwarki ta iya barkwanci, amma ranar da ya gano, abin da zai karye ba injiniyan da zai gyara shi.

Ki nemi injiniyan ya rubuto abin da tsarinsu ke bukata dalla-dalla, ya kuma ba ku wurin gwaji. Ki miƙa wa maigida takardar, ki ce ya gwada darasi ɗaya tak. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ki bar shi ya ji muryar matar nan mai darasi na bakwai da kunnensa, don har yanzu lambobi yake gani, bai ga mutane ba. Sannan ku tsayar da rana tare, kwana goma ya isa. In bai yiwu ba, matar can da injiniyan ya ambata ta shigo da saninsa, su yi aikin tare.

In duk da haka ya ƙi, ki faɗa masa a fili, cikin ladabi, cewa za ki bayar a gyara, kuma ki bayar. Fushin miji yana hucewa a gida, lasisin mace ɗari da arba'in kuwa ba ya jiran kowa ya huce. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa darussan nan su kai inda kika nufa.

Gwaggonku