Tukunyar Kunun Ummi

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Bayan gaisuwa, yaya aiki, yaya zaman Legas? Ina fatan kai da Hadiza kuna lafiya. Mu nan Dutsin-Ma sai godiya. ’Yarku Ummi ta saba da yaye, ta daina kukan nono.

Ƙanwarka Binta ta zo hutu daga makarantar nas da wani ruwan gwaji a kwalba. Ta dangwala auduga, ta goga a tukunyar da nake dama wa Ummi kunun tsamiya, daidai inda wani maƙerin garin Kurfi ya liƙe huji. Audugar ta koma ja. Binta ta ce da dalma aka yi liƙin, tsami yana narkar da ita cikin kunu, ta dakushe ƙwaƙwalwar yaro.

Na ce, “Tukunyar aurena ce fa!”

Ta durƙusa ta ce, “Inna, ko ki dake ni, Ummi ta gama sha a cikinta.”

Ka ji karatu mai albarka, ga gaskiya ga ladabi. Kai ma ka yi koyi, ku duba kwanukanku. Tukunyar yanzu toka nake kwasa da ita.

Gobe za a duba Ummi a asibiti, ku sa ta a addu’a. Ka gaida Hadiza.

Mahaifiyarka